Ranar da Na Saki Tsirkiya Babu Kibiya

Mun bar Greensboro ana idar da sallar asuba ranar Asabar ɗin da ta wuce, mu uku a mota: ni a sitiyari, maiɗakina a gefe da kular ƙosai a cinya, sai maƙwabciyarmu 'yar Indiya a baya, ta rungume doguwar jakar bakanta kamar mai riƙon jariri. Waɗanda suka ga hoton da na saka muna loda kaya sun dame ni da tambayar yadda gasar harbin bakan ta kaya, ni kuma na yi gum kwana huɗu. Yau zan faɗa, don shirun ya fara hana ni sakat.

Yarinyar ɗaliba ce, shekararta ashirin, ƙofarta na kallon tamu. Tun da maiɗakina ta gano cewa biredi da shayi ne abincinta, ta mayar da ita 'yar gida, har ta koya mata kirana Baba. Daga wani ƙauye take a tsaunukan gabashin Indiya, inda ubanta ke sassaƙa bakan gora yana sayar wa masu harbin biki. Tana 'yar shekara tara ya yi mata nata daidai tsayinta. Wani malamin makaranta ya ga hannunta, ya kai ta makarantar kwana ta 'yan wasa a birni, inda ta ce ta shekara tana kukan gida kafin ta fara cin lambobin yabo. Daga baya kafaɗa ta ba ta matsala, ta yi shekara biyu ba ta harbi, a tsakanin ne ta samu karatu a nan. Bana aka rubuto mata daga gida cewa in ta aika da maki mai kyau daga gasar da aka amince da ita kafin ƙarshen wata, za a kira ta gwajin shiga tawagar matasa ta ƙasarsu. Wannan gasa ce ta rage mata, kuma baɗi shekarunta sun wuce na matasa.

Titin Gate City Boulevard fayau yake a wannan lokaci, sai tutocin masu sayar da motoci ke kaɗawa. Muka hau babbar hanya muka yi yamma. Gari ya waye mana bayan Winston-Salem. A Statesville muka sha mai, galan ya ɗan fi na unguwarmu araha, na kuma sayi gahawar da ba ta da maraba da ruwan wanke tukunya. A nan muka buɗe kula. Yarinyar ta fito da wata kwalbar ɗanyen mangwaro da aka jiƙa da barkono, na tsoma ƙosai ɗaya don in nuna mata mu ma 'yan yaji ne. Hawaye da majina suka taru suka ƙaryata ni, maiɗakina ta yi dariya har da riƙe ciki.

Bayan Hickory duwatsu suka fara leƙowa, shuɗi-shuɗi daga nesa. Da muka kama hawa kunnena ya toshe, motar ta riƙa nishi. Ganyaye sun juya ja da rawaya, gwanin kyau. Yarinyar ta jingina goshi da gilashi ta ce wurin ya yi kama da garinsu, sai dai gidajen nan sun yi nesa da juna, ko mutum ya yi ihu ba mai ji.

Ni kuwa bakina bai huta ba. Kakana maharbi ne a ƙasar Ningi, kuma tun da muka tashi nake ba su labarinsa. Shi ya koya mini cewa ba a yarda da baka sai an ji muryarsa: ka ja tsirkiya ka saki, ka kasa kunne. In ya yi amo mai zurfi lafiyarsa ƙalau, in ya yi ƙara-ƙara akwai tsaga a jikinsa. Shekara arba'in rabona da baka, amma a motar nan ji nake kamar jiya na dawo daga dawa.

Filin gasar yana bayan wata makaranta a gindin dutse. An jera allunan harbi can nesa, kowanne da zagaye-zagayen launi, rawaya a tsakiya. Mutane da yawa, amma ba hayaniya, kowa na magana ƙasa-ƙasa. Yarinyar ta buɗe jaka ta fito da bakan. Baƙi ne, na ƙarfe, da 'yan tayoyi biyu sama da ƙasa da tsirkiya ke bi ta kansu. Ta taɓa shi da yatsu ta taɓa goshinta, kamar yadda take yi kullum, ta ɗora shi a mazauninsa. Ta ce, "Baba, ka kula mini da shi," ta tafi teburin rajista.

Na ɗauka. Maiɗakina ta ce, "Malam, ajiye musu kayansu don Allah, wannan ba irin na Ningi ba ne." Na ce mata baka dai baka ne. Wallahi niyyata alheri ce, so nake in ji muryarsa in ce wa yarinyar lafiyarsa lau, hankalinta ya kwanta. Na ja da yatsu. Da farko ya yi tauri, sai kwatsam ya yi laushi hannuna ya tafi har kunne, na saki.

Ƙarar da ya yi kamar an karya katako a gwiwa. Tsirkiyar ta zame daga taya ta zabge ni a hannu, filin gaba ɗaya ya juyo. Na tsaya riƙe da abin.

Yarinyar ta taho a guje. Abin da har yanzu yake ci mini rai shi ne hannuna ta fara kamawa tana duba inda jini ke tsattsafowa, sannan ta dubi bakan. Wani dattijon Bature mai kayan gyara a bayan motarsa ya karɓa ya ɗaga shi a rana, ya nuna mata tsaga a reshen bakan na sama, ya girgiza kai. Shi ya yi mini bayani a hankali, ba faɗa: irin wannan baka ƙarfinsa kibiya ce ke ɗauke shi ta tafi da shi, in babu kibiya sai ƙarfin ya koma jikinsa. Ya ce abu na farko ke nan da ake koya wa yaro ranar da ya fara. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige.

Wata mata cikin abokan takararta ta ara mata bakanta na ajiya. Ya fi hannunta tsawo, kuma kibau kaɗan aka bari ta gwada kafin a busa usur. Kibiya saba'in da biyu ake harbawa daga mita hamsin. Na farko-farkon suka warwatse, wasu a ja, ɗaya har a shuɗi. Ba ta waiwayo ba ko sau ɗaya. Tana harbi, tana murɗa ma'aunin saiti, tana rubutu a ɗan littafinta. Da aka shiga rabi na biyu ta gano bakan, kibau suka riƙa taruwa a rawaya ɗaya kan ɗaya, har dattijon nan ya bar motarsa ya zo ya tsaya bayanta. Maiɗakina na ta jan carbi. Da aka haɗa maki, huɗu ne suka rage mata ta kai abin da ake nema.

Ta mayar wa matar bakanta da hannu biyu, ta yi godiya, muka kamo hanya. Duwatsun da muka yaba da safe ba wanda ya kalle su. A wani wurin hutawa kafin Hickory ta ce in tsaya, ubanta na jiran ta kira shi a waya. Ta yi magana da shi da yarensu, gajeriya. Na tambaye ta me ta ce masa. Ta ce, "Na ce bakan ya karye." Ba ta faɗi hannun wa ba.

Na ce ta sake kira, ta fassara mini. Ta ƙi, na nace. Na gaishe shi, na ce ni ne maƙwabcin da ya damƙa wa amanar 'yarsa ba tare da ya taɓa ganina ba, kuma ni na ja tsirkiyar na saki don in ji muryar bakan, yadda kakana ya koya mini. Ta fassara. Sannan ya yi magana, ita kuma ta rufe fuska da hannu ɗaya kafin ta iya juyo mini da ita.

Ta ce, "Ya ce ranar da na fara kai bakan nan gida, shi ma ya ɗauka ya ja zai saki, don ta haka ake gwada na gora. Na yi tsalle na riƙe masa hannu. Ya ce bambancinku kawai, shi lokacin ina kusa da shi." A nan ne ta yi kukan da ta riƙe tun safe, maiɗakina ta koma kujerar baya ta rungume ta. Ni ma na fita na zagaya bayan mota.

Mun iso gida gab da magariba. Ita da kanta ta hau bene da karyayyen bakan, ban ko yi tayin ɗauka ba. An yi odar sabon reshe, zai iso mako mai zuwa. Gwajin matasa dai ya wuce ta har abada, baɗi da manya za ta kara, inda hanyar ta fi ƙunci nesa ba kusa ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini mai ɗaci ne. Na ɗauki sanin da na gada na shiga da shi inda ba a tambaye ni ba, kuma ƙaunar da nake yi wa yarinyar ba ta rage ko maki ɗaya daga ɓarnar ba. Yafiyar da uban ya yi mini ta fi zagi nauyi.

Jiya da yamma ta ƙwanƙwasa ƙofa, wai in kai ta filin atisaye, matar nan ta aiko mata da bakan aro har nata ya gyaru. Da muka sauka daga mota ta rataya bakan a kafaɗarta, ta miƙo mini kwarin kibau. Ta ce, "Baba, riƙe wannan." Na riƙe shi da hannu biyu har muka kai.