Ranar da Na Kira Sunan Mai Yasar Rijiya

Jama'a, abin da zan ba ku ba ji na yi a bakin wani ba, a kaina ya faru, kuma na rantse da Allahn da raina yake hannunsa ban ƙara masa ko gishiri ba. Ni mutumin Garwa ne ta ƙasar Kamaru, can aka haife ni, karatu ne ya kai ni Damagaram shekarun baya, ina koyon ilimin ruwa da rijiyoyi. A shekarata ta biyu aka ce kowa ya fita istaj, wato aikin gwaji a karkara, ya auno rijiyoyi ya kawo rapor, wato rahoto. Ni ban san kowa ba, sai abokina Mutari da muke ɗaki ɗaya ya ce in bi shi garinsu, wani ɗan ƙauye a bayan Guci ta wajen Dungas. Sunan ƙauyen kam ku yi haƙuri, ba zan faɗa ba.

Muka sauka a tsakiyar bazara, mota ta aje mu, kabu-kabu ya ɗauka, ƙarshe amalanken shanu ya ƙarasa da mu. A gidan kawun Mutari aka sauke ni, Kawu Isuhu, wani siririn dattijo mai barkwanci, da matarsa Inna Rabi. Wallahi mutanen nan sun riƙe ni kamar su suka haife ni. Kullum Inna Rabi sai ta dama mini fura ta ce, “Sha, ɗan Kamaru, kada a ce mun mayar da kai da ƙashin wuya.” Shi kuwa Kawu ba ya gajiya da tsokanata, wai yaron famfo ya zo koya wa masu rijiya ruwa. Ni kuma a lokacin, ba zan ɓoye muku ba, kaina yana hayaƙi, duk abin da na gani sai in zaro kaye, ɗan littafin rubutuna, in rubuta, ina jin kamar ni kaɗai Allah ya ba ilimi.

To rijiyar garin guda ɗaya ce tal, tsohuwa, zurfinta gaba goma sha takwas, kuma a shekarar ta ja baya, guga ba ya fitowa sai da laka. Aka tsayar da ranar yasa. Ashe sana'ar Kawu Isuhu ke nan, gadonsa ce, duk yankin shi ake kira ya shiga ya kwashe yashi da laka har idon ruwa ya buɗe.

Ana gobe za a yi, da la'asar muna zaune a gindin darbejiya yana duba igiyarsa, sai ya daina wasa ya dube ni ya ce, “Ɗana, gobe za ka tsaya a bakin rijiya, to ga doka ɗaya. Daga sa'ad da ƙafata ta bar ƙasa har in fito, ba a kiran sunana. Ko wuta ta kama garin nan. In ina son a ja, zan girgiza igiya. In dole sai an ambace ni, a ce na ƙasa.”

Na ce, “Kawu, saboda me?”

Ya ce, “Rijiya tana da masu ita. Shekara talatin ina shiga, suna ganina, amma ba su san ko ni wane ne ba. Haka ubana ya yi har ya tsufa ya mutu a kan tabarmarsa.”

Na ce to, amma a cikina dariya nake. Har na rubuta a kaye: camfin masu yasa.

Washegari da hantsi aka taru, aka yi addu'a, ya ɗaura igiya a ƙugu, maza shida suka riƙe har da Mutari, aka zura shi a hankali. Wurin ya yi tsit, mata ma da suka tsaya nesa ba mai tari. Guga yana sauka yana hawowa da laka, yana sauka yana hawowa, har rana ta take tsaka. Can sai guga ya sauka bai dawo ba. Igiya ta tsaya cik. Ina duba agogon salulata, minti biyar, minti goma, shiru. Ni kuma abin da mushenmu, wato malaminmu, ya koya mana a aji ne ya faɗo mini, cewa a gindin tsohuwar rijiya akwai mugunyar iska da take kashe mutum ba tare da ya yi ko ihu ba. Na ce wa Mutari a ja shi. Ya girgiza kai, ya ce a hankali na ƙasa bai nema ba. Na dubi dattawan, kowa ya sunkuyar da kai. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata mutanen nan za su bar bawan Allah ya mutu saboda al'ada. Allah shi ne shaidata, tausayi ne ya kai ni, ba raini ba. Ban san sa'ad da na dafa bakin rijiyar na leƙa na ƙwala kira ba: “Kawu Isuhu! Kawu Isuhu, lafiya?”

Wani tsoho ya ce, “Innalillahi!” Mutari ya saki baki yana kallona.

Kun san in ka yi magana a rijiya, nan take take mayar maka. To wannan ba ta mayar ba. Shiru, kamar na yi magana a cikin buhun auduga. Sai da muka ja numfashi kamar uku, sannan daga can ƙasa aka ce, “Isuhu.” A hankali, a natse, kamar mai koyon faɗin sunan. Aka sake, “Isuhu.” Wallahi tallahi ba muryarsa ba ce, kuma ba ni kaɗai na ji ba.

Sai igiya ta hau girgiza kamar za ta tsinke. Aka ja, aka ja, mutumin da bai fi buhun hatsi nauyi ba sai da maza goma suka taru kafin ya fito. Lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu. Ashe wani dutse yake ta fama ya ciro daga idon ruwan, shi ya sa ya daɗe. Ya zauna a ƙasa jikinsa duk laka, sannan ya ɗago ya ce, “Wa ya kira ni?” Sai ya dube ni, ba faɗa, ba zagi, ya ce, “Ɗana, ka ba su ni.” Da ma ya mare ni, da ya fi mini sauƙi.

Ruwa kam ya zo, rijiya ta cika fiye da kowace shekara. Amma tun daga ranar Kawu Isuhu bai ƙara zama daidai ba. Inna Rabi ta miƙa masa ruwa a kwanon sha, ya kai baki, sai ya yi jifa da shi ya ce ana kiransa a ciki. Randa sai da aka fitar da ita daga tsakar gida. Alwala ta gagara, ya koma taimama. Liman ya yi rubutu, to rubutun ma ai ruwa ne, ya ƙi ko kallonsa. Fura mai kauri kaɗai ake samu a ɗura masa. Ni na nace aka kai shi asibiti a Dungas, likita ya duba ya ce ƙishirwa ce kawai da gajiya, aka ƙara masa ruwa muka dawo, bai canza komai ba. Sau biyu ana kamo shi a hanyar rijiya yana tafiya yana cewa, “Na'am, ga ni nan.” Daga nan aka sa shi a ɗaki, Inna Rabi ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa tana gadinsa.

Na shiga na durƙusa na ce, “Kawu, don girman Allah ka yafe mini.” Ya dafa kaina ya ce, “Na yafe, ɗana, ai tsoron mutuwata ka ji. Sai dai su ba su san yafiya ba.” Na fito ina kuka kamar ƙaramin yaro, ba na jin kunyar faɗa.

A rana ta tara aka ba mu labarin wani malami a Bande da ya san irin wannan. Da sassafe ni da Mutari muka hau babur muka tafi ɗauko shi. Ku riƙe wannan da kyau: tun hantsi har azahar ina Bande, a zauren malamin, Mutari yana gefena, mutane sun gan ni.

Muna dawowa da la'asar muka hango taro a bakin rijiya. Mutari ya diro tun babur bai tsaya ba, ni na tsaya daga baya. Da ya dawo idonsa ja wur, ya ja ni gefe ya gaya mini abin da ya faru. Wai da rana tsaka Inna Rabi tana zaune a bakin ƙofar, sai ta ji muryata a bayan danga ina cewa, “Kawu Isuhu! Kawu Isuhu, lafiya?” Muryata sak, har da irin Hausarmu ta Garwa. Kawu ya ce mata, “Yaron nan ne ya dawo da malamin, buɗe mini.” Ita ma ta ji da kunnenta, me zai hana ta buɗe? Ta juya ɗauko mayafi, kafin ta fito ya yi nisa. Mata uku da suke ɗiban ruwa sun rantse da Alƙur'ani cewa sun ji kiran nan yana fitowa daga cikin rijiyar, da muryata, suka watsar da guga suka ja baya, ya zo ya wuce ta tsakaninsu yana murmushi yana cewa, “Ga ni nan, ɗana.” Bai yi tsalle ba, taka ƙafa ya yi kamar mai shiga ɗaki.

Da ƙugiya aka ciro gawarsa, don ba wanda ya yarda ya sauka. Dattawa suka sa aka cike rijiyar da ƙasa, matan garin suka koma tafiyar rabin yini neman ruwa.

Bayan an dawo daga maƙabarta na nufi gidan in yi wa Inna Rabi gaisuwa. Ina yin sallama a bakin zaure, matar nan da take dama mini fura ta toshe kunnuwanta da hannu biyu ta ƙwalla ƙara ta faɗi. Mutari ya riƙo hannuna ya ce, “Aboki, ba wanda ya ce laifinka ne. Amma don Allah kada ka ƙara buɗe baki har ka fita daga garin nan.” Haka na haɗa kayana, na bi ta gaban mutanen da suka ciyar da ni ina ɗaga musu hannu kamar bebe, na hau amalanke na tafi.

Ban san mene ne a cikin rijiyar nan ba, kuma na daina tambaya. Na gama karatuna, na auna rijiyoyi ba iyaka, amma ban sake yin magana a bakin ko ɗaya ba. Ku da kuke tafiya ƙasar wasu neman ilimi, in masu gari suka ce ba a yin abu kaza, ku kama bakinku, ko da ba ku ga dalili ba, ko da kuna ganin taimako za ku yi. Ku yi wa Kawu Isuhu addu'a. Ita kuwa Inna Rabi tana nan da ranta, kuma har yau ban yi mata ta'aziyyar mijinta ba, don ba ni da wata muryar da zan yi mata da ita.