Ranar da Aka Kai Yaya Asabe, Nafisa Tana Kan Keke

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata, Hajiya Asabe, Allah Ya jiƙanta da rahama. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi mata addu'a in ja bakina in yi shiru. Bana na kasa. Makon jiya na kunna talabijin na tarar ana nuna tseren keken mata kai tsaye, har da jirgi mai saukar ungulu yana bin su ta sama. Ni da ban taɓa shiri da keke ba, sai ga ni zaune har aka tashi, ina ta tunanin abin da Yaya za ta ce da tana nan.

Ma'aikaciyar jinya ce, mijinta ya riga ta rasuwa, ya bar ta da 'ya ɗaya, Nafisa. Ta dalilin yarinyar ta shiga harkar keke. Da farko kai ta wurin tsere kawai take yi ta ɗauko ta. Kafin mu ankara ita ke riƙe da tawagar su Nafisa gaba ɗaya, ita ce direba, ita ce mai girki, ita ce mai bin kamfanoni tana neman wanda zai ɗauki nauyinsu. Gidanta na unguwar Barking a London ya koma garejin kanikawa. Idan ka je gaisuwa sai ka ɗage taya daga kan kujera kafin ka zauna. Nakan ce mata, “Yaya, mutane na tara zinari, ke kina tara sarƙar keke.” Sai ta ce in miƙo mata mai.

Wanda bai san harkar ba zai ɗauka hawa keke ne wahalar. Ba shi ba ne. Tawaga ba ta rayuwa sai da kamfanin da zai sa sunansa a rigunan yaran, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kamfani yana son a ga sunansa, su kuwa gasannin mata a lokacin ba a nuna su, wasu ma ana gobe za a fara sai a ji an soke. A shekarar da nake magana, kamfanin da ke riƙe da su ya janye. Wani kamfanin kayan kicin ya ce yana sha'awa, amma sai manajansa ya je ya gani da idonsa a gasar ƙarshe da ta rage musu a jadawali, wadda ake yi zango-zango a Beljiyam, a kammala ranar Lahadi. In sun taɓuka abin kirki, a sa hannu. In ba haka ba, kowa ya kama gabansa.

Yaya ba ta je ba, tana asibiti. Ciwon ya daɗe yana cinta tana ɓoyewa, kuma ita da kanta ta kora Nafisa ta bi sauran yaran. Babu wanda ya zaci abin ya kai haka. Ranar Asabar da safe Allah Ya karɓi abinsa, ina riƙe da hannunta. Ba ta bar wasiyya a kan komai ba, ko kalma ɗaya game da tseren nan ba ta faɗa min ba.

Kafin la'asar gida ya cika. Alhaji Sabo, wan mijinta, shi ne babbanmu a nan London, kuma shi ya yi ta kai-kawo har aka samu izinin binnewa a ƙarshen mako, abin da duk mazaunin garin nan ya san ba ƙaramin aiki ba ne. Ya kira ni kicin ya ce, “Bilki, an yi booking a maƙabarta, gobe bayan azahar za a kai ta. Ki kira yarinyar nan ki ce jikin ya tsananta, ta hau jirgin ƙasa yau.”

Na ce, “Alhaji, gobe ne ƙarshen tseren. Ba a iya kai ta Litinin?”

Ya dube ni ya ce, “Gawa ba ta jiran keke.”

Ban ga laifinsa ba a lokacin, yau ma ban gani ba. Haka addini ya koyar, a gaggauta. Haka kuma muka taso muka gani, ba a jefa wa na nesa labarin mutuwa ta waya. Cewa ake yi jiki ya tsananta, mutum ya taho da sauran fata a ransa, sai ya iso cikin dangi sannan a faɗa masa, inda akwai masu riƙe shi. Tausayi ne, kuma da shi aka sanar da ni rasuwar mahaifinmu.

Amma na san abin da Alhaji bai sani ba. Nafisa ba ita ce mai cin gasa a tawagar ba. Aikinta ta shiga gaban jagorarsu, wata 'yar Yorkshire ta Ingila, ta tare mata iska, ta koma mota ta ɗebo mata ruwa, ta ja ta har gindin tudun ƙarshe sannan ta saki. Biyu daga cikinsu sun riga sun fita saboda faɗuwa. Idan Nafisa ta taho, jagorar ta zama ita kaɗai, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da Yaya ta ƙarar da lafiyarta a kansa zai rushe a ranar da ake binne ta. Idan kuma na yi shiru har a gama, na hana 'ya ganin fuskar uwarta, na hana ta tsayawa a wankanta, kuma wannan ba ya dawowa. Gaba kura, baya sayaki. Na tsaya a bayan gida da waya a hannu, jirgin ƙasa na District line yana ta wucewa.

Na kira ta. Ban ce jiki ya tsananta ba. Na ce, “Nafisa, ki yi haƙuri, Mama ta rasu da safe. Gobe bayan azahar za a kai ta. Akwai jirgi yau in za ki taho. In kuma za ki tsaya, ni ba zan zarge ki ba.”

Ina jin ana wanke kekuna a bayanta. Can ta tambaya ko Mama ta bar saƙo. Wallahi na so in ƙirƙiro mata wani abu, ko ta wane ɓangare, don in rage mata nauyi. Na ce ba ta bar ba. Ta ce, “To, Anti,” ta kashe wayar. Ban san me ta yanke ba, kuma na kasa sake kira.

Da safiyar Lahadi muka je masallaci wanka. Duk motar da ta tsaya a waje sai in leƙa ko Nafisa ce. Matan da ke taya ni suka ce mu ɗan jira ko 'yar za ta iso. Muka jira har liman ya aiko. Ni na yi mata, ni na tsefe kanta na yi mata kitso uku.

Maza suka tafi da ita, mu mata muka koma gida. Ana bikin duniya ana na ƙiyama: falo cike da masu jan carbi, ni kuwa waya na ƙarƙashin mayafina ina leƙen shafin da ke rubuta yadda tseren ke gudana, don babu hoto. A nan na ga sunanta. Tana gaba, tana jan jagorarsu. Wata tsohuwa ta ga ina kuka ta dafa ni tana ba ni haƙuri, ba ta san kukan biyu ne ba. Jagorar ta zo ta uku. Nafisa ta shigo can baya, ita kaɗai.

Da ta kira, ba ta ambaci tseren ba. Cewa ta yi, “Anti, wa ya yi mata wanka?” Na ce ni ce. Ta ce, “Kin bi ta a hankali? Bayanta na ciwo.”

Kamfanin ya sa hannu. Alhaji Sabo ya yi kusan shekara yana amsa gaisuwata da ka, wasu matan kuwa har yau suna cewa yarinyar ta zaɓi keke a kan uwarta. Su faɗa. Ba su ne suka riƙe wayar ba.

Da Yaya za ta leƙo yau, na san za ta yi murna da ganin mata a talabijin, da jin cewa manyan tawagogi na biyan albashin da mace za ta rayu da shi. Daga nan sai ta tambayi labarin ƙananan, a nan murnar za ta tsaya, domin tsugune ba ta ƙare ba. Gasanni sun yi yawa, tafiya ta yi tsada, manya sun kwashe kamfanoni da yaran da suka iya. Tata tawagar ma kakar tsere biyu ta ƙara, kamfanin kicin ya sauya ra'ayi, aka watse. Ban san ko za ta ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu ba. Na sha tambayar kaina, ban samu amsarta ba, kuma ba zan sa mata magana a baki ba bayan ba ta nan.

Tawagar ta tafi, gidan Barking wasu ne a ciki. Nafisa tana nan a harkar, yanzu daga cikin mota take ba wa yara umarni a wata tawaga, kuma na ji an ce duk wadda aka kira daga gida, ita ke fara cewa ta ajiye keken ta tafi. Idan kakar tsere ta rufe, tana cikin matan da ke wankan gawa a masallacinmu, musamman na waɗanda 'ya'yansu ke nesa. Babu wanda ya sa ta. Ta wanke iyayen mutane da yawa a garin nan, kuma an ce hannunta da taushi. Tata uwar ce kaɗai ba ta samu ba.

Allah Ya haskaka kabarin Yaya Asabe, Ya sanyaya zuciyar 'yarta.