Teburin Harsasai na Iliya Kafinta

Bana shekara goma sha ɗaya da muka yi wa Iliya kafinta sallar jana'iza a nan Riyad. A zamanin da na san shi, in aka ce wane yana da bindiga a ɗaka, abin da ke faɗo mana a rai zabon daji ne da barewa. Yau a ambaci bindiga a gaban mutumin ƙasarmu, sai ka ga yana tuna wani nasa da aka harbe.

Iliya ɗan Damagaram ne, mahaifinsa maharbi. Ni Bakatsine ne, fataucin turare ya kai ni Kartum da Abijan da Istambul kafin na yada zango a unguwar Utaiƙa, kusa da shagonsa. Kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a takardun zama, wani dattijon Balarabe mai izinin farauta, ya nemi ya ƙera masa ƙaramin tebur na katako wanda zai riƙa ɗura harsasansa a kai a gida, ya naɗe shi ya saka a mota in za shi sahara. Iliya ya ƙera shi ba ƙusa ko ɗaya, da turakun itace kawai ya haɗa shi. Na ce masa ko ƙusa ta yi tsada ne?

Ya ce, "Alhaji, kai turare ka sani. Ƙarfe da albarushi ba sa kwana ɗaki ɗaya. Babana bai koma ga Allah da yatsunsa cikakku ba."

Abokan farautar dattijon suka gani, suka yi ta zuwa. Amma Iliya yana da al'adar da ya gada: ba ya ƙera wa mutum sai ya ci naman farautarsa. A ganinsa, wanda ya harba don tukunya ba ya hana maƙwabci rabo. Na ga kafintocin Turkiyya masu neman rabin lada kafin su ɗaga zarto, ban taɓa ganin mai neman cinyar zomo ba sai shi. Larabawan suna dariya, suna kawowa.

Da kafilin ya rasu, 'ya'yansa suka mayar wa Habibu, ɗan Iliya, da teburin farko. Habibu a nan aka haife shi, Larabci ya fi zama a bakinsa, kuma kafinta ne a wurin gine-ginen Dir'iyya. Kwanan baya ya ɗora hoton teburin a shafinsa na sada zumunta don tunawa da mahaifinsa. Ranar Juma'a bayan masallaci sai ga shi da murna.

"Baba Alhaji, wallahi mutanen gida sun san darajar babana! Wani ya turo saƙon murya, amma Hausarsa ta yi mini sauri. Saurara mini."

Na saurara. Mai maganar yana son a ƙera masa da yawa, ko a turo masa awon katakon. Ya ce a rage nauyi yadda za a ɗaure a bayan babur a shiga daji, a kuma zurfafa aljihunan teburin, don harsashinsu ba kaɗan ba ne. Maharban da na sani a ƙafa suke tafiya, kuma abin da ke cikin burgaminsu ya ishe su damina guda.

Na ce, "Ɗana, tambaye shi wane nama suke harbi."

Ya tambaya. Amsar ta zo da dariyar mutane a bayanta: "Kai yaron Makka, aikinka katako. Kai dai turo."

Habibu ya dube ni ya ce, "To su wane ne, Baba?" Na ce masa ni ma ban sani ba. Wataƙila masu tsare garinsu ne, wataƙila su ne waɗanda ake tsaron garin dominsu. Na iya harsuna da dama, amma ga mutum yana magana da harshen uwata, na kasa gane ko mai kare rai ne ko mai ɗauka. Saura ƙiris yaron nan, da kyakkyawar niyya, ya miƙa aikin mahaifinsa ga hannun da bai sani ba, ya jefa iƙamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar nan, da sunan gidansu cikin wuta. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ina ta tunanin abin da Iliya zai ce. Ina jin ba zai yi dogon wa'azi ba. Zai aje waya ya koma kan zartonsa, don bai taɓa yi wa wanda bai gani ido da ido ba aiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ashe ya riga ya tanƙwara nasa: ban ce wa Habibu ya yi komai ba, shi da kansa ya goge hoton a gabana, ya toshe lambar.

Abin da ya rage na Iliya shi ne ɗan da ya iya cewa a'a. Teburin yana nan a naɗe a ɗakin Habibu, kuma ya ce ba zai ƙera irinsa ba har abada. Wannan sana'a ta ƙare a kan Iliya. Allah ya jiƙansa, ya kawo wa ƙasarmu sauƙi.