Rawanin Sale

Shekara tara ke nan da muka kai taubashina Sale makwancinsa a ƙauyenmu, gabas da Ɗanbatta. Tun muna yara gaisuwarmu tsiya ce. Shi ya sa ran da na hango ƙullutu a wuyansa muna yankan gero, na ce, "Sale, goruba ka haɗiye don kada ka sam mini?" Aka yi ta dariya. Washegari ya fito da rawani, mutumin da ko hula sai Juma'a. Nan take muka naɗa shi Sarkin Rowa. Damina biyu rawanin nan yana rufe da ciwon daji. Ran da aka kwance rawanin a wani asibiti a Kano, likita ya ce an makara.

Kwanan baya jikata Hauwa, mai karatun aikin jinya, ta zo mini da labari. Wai a ƙasashen waje ana ɗiban jinin mai irin wannan ciwo, a tsamo ƙwayoyin da ke gadin jiki, a koya musu gane maƙiyin, a yawaita su, a mayar masa. Wasu sukan warke, wasu zazzaɓin abin yakan kusa tafiya da su, wasu kuma ba ya yi musu.

Ni da digirina ya tsaya a aji huɗu, nan da nan na gane: zaɓen iri ne. Sale kuwa gwaninsa ne. Zangarniya mafi kyau yake warewa ya rataye, ko yunwar bazara ba ta sa ya taɓa. Da yana nan, sai ya ce Turawa sun sace masa sana'a, sannan ya rage murya ya tambaya ko abin ya iso Kano.

Ni na tambaya a madadinsa. Hauwa ta ce da saura. "Amma Kaka, kowane magani ne, sai an nuna ciwon tukuna."

Rawanina take kallo. Wata uku ke nan da na fara naɗi. Nawa ƙullutun yana ƙasan kunnena na hagu, bai kai goruba ba, ba ya zafi, kuma rashin zafin ne ya raba ni da tuwo. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Geron da ke rumbuna har yau irin Sale ne. Tsoron da ke cikina ma nasa ne, ni na shuka masa da bakina, ga shi ina girba. Jibi zan shiga motar Kano, kai ba rawani. Sale, ga wuyana a buɗe, bisimilla ka rama. Allah ya jiƙanka.