Fuskar da Mai Hoto Ya Gyara Mini

Abin da na fara gani da muka shiga shagon mai hoto na Ƙofar 'Yandaka shi ne hoton wata yarinya manne a bango, tsayinsa ya kai na ƙofa. Launin takardar ya koɗe a wuri biyu kacal, daidai ƙirjinta da ƙugunta, inda hannuwan masu shige da fice suka yi ta shafawa. Har maiƙon yatsu ana gani. Na kawar da kai.

Lokacin ina ajin ƙarshe a sakandare, ana neman hoton fasfo na rajistar jarrabawa. Yayata ce ta rako ni daga Kambarawa, don ni ko gaida baƙo nauyi yake yi mini.

Mai hoton ya amsa gaisuwarmu da fara'a, ya tambayi gida, ya tambayi karatu, ya zaunar da ni gaban farin ƙyalle. Ya ɗauka sau ɗaya. Na yunƙura zan tashi.

"Tsaya mana, ƙanwata. Miƙe ki ɗan karkace. Ja hijabin baya kaɗan. Yauwa. Lashi leɓenki."

Na yi duk abin da ya ce, saboda babba ne, kuma ban san yadda ake cewa a'a a shagon mutum ba. Ya ƙara ɗauka sau biyar.

"Waɗannan na samfur ne," in ji shi. "A shafina na intanet zan sa su yau, mutane su ga aiki."

Ya buɗe su a kwamfuta. Ina tsaye ya goge tabon ƙyanda da ke kumatuna. Ya haska fatata har ta koma kalar madara. Ya kumbura leɓen. Sannan ya gangara ƙasa, ya matse hijabin makarantata a tsakiya har ya fitar da wani ƙugu da ba ni da shi. Yana yi yana taunar goro, ɓarɓashin yana zuba a kan teburin. Wani mutum da ke zaune a benci ya miƙo wuya.

"Kai, wannan in ka sa ta, sai wayarka ta ɗauki zafi!"

Na tuna 'yan ajinmu maza, duk da wayoyinsu. Kafin Litinin kowa ya gani.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya da ke jiran nata hoton, da fararen kayanta. Ta ajiye jakarta.

"Malam, mi kake yi haka? In 'yarka ce za ka ja mata ƙugu?"

"Hajiya, kasuwa ce. In na sa hoton tsoho mai gemu, wa zai shigo?"

"Abin da kuke cewa ke nan kullum. Tallan tayar babur ma sai an jingina mace a jiki."

Na zaci Yaya za ta goyi bayanta. Sai na ji ta ce, "Anti, ai ba laifi ba ne mace ta yi kyau a gan ta. Ni da kaina nake sa hotunana. Kullum a ce mu ɓuya, kamar mun yi sata."

"Ke kika zaɓa, 'yata. Kuma jikinki ne kika sa. Wannan jikin wa ne?"

"To ai in namiji ya yi ƙazamin tunani, shi ya kamata a yi wa faɗa, ba hoton ba."

"Ga namijin nan a benci, yi masa faɗan mu gani."

Mutumin ya yi dariya, ya ce shi fa yabo ya yi, ko yabon ma an hana?

Suka ci gaba. Anti ta nuna leɓen da yatsa, Yaya ta nuna fatar ta ce a gaskiya hasken ya yi yawa, amma idon ya fito. Mai hoton ya ƙara girman hoton don su gani da kyau. Mutum huɗu sun yi cincirindo a kan ƙirjina na kwamfuta, suna musu a kaina, ni kuwa ina bayansu riƙe da gefen hijabi. Babu wanda ya juyo ya tambaye ni, har Antin da ke kare ni.

Na ga ya jona wayarsa da kwamfutar zai tura.

Ban san lokacin da na matsa ba. Muryata ta fito ƙasa-ƙasa, sai da na maimaita kafin ya ji.

"Malam, don Allah kada ka tura. Na farkon kawai za ka wanke mini, yadda ya fito. Sauran ka goge su yanzu, ina kallo."