Ciwon da Dogo Bai Taɓa Ji Ba

Dogo ɗan wani ƙauye ne a bayan Maraɗi. Shekarar da gero ya ƙi, ya tsallako Jibiya cin rani, sai zama ya miƙe. Dako ya kama a bakin iyaka, a sauke masara daga wannan kamiyo, wato babbar mota, a ɗora wa wancan, har furfura ta cika masa gemu. Matarsa Luba da yara suna can gida, sai da salla yake leƙa su.

Ɗaki ɗaya yake kwana da wasu 'yan garinsu, tagar ma an toshe ta da kwali. Cikinsu akwai Abbas, wanda ya daɗe yana tari ana cewa sanyi ne. Da ya fara tofar da jini aka kai shi asibiti, aka ce tarin fuka ne. Sai aka ce duk mai kwana a ɗakin ya zo gwaji.

Dogo ya je don kada a ce ya ƙi. Aka yi masa 'yar allura a fatar hannu, da ya dawo wurin ya kumbura. Hoton ƙirji kuwa ya fito fes.

Malama Sa'adiyya, nas ɗin da ke duba su, ta ce, "Baba, ƙwayar tana jikinka, amma kwance take. Ba ka da ciwo, ba ka sa wa kowa. Sai dai ran da ƙarfi ya ja baya tana iya tashi."

Ya ce, "To ɗiyata, wanda bai da ciwo, maganin mi za ya sha?"

Ya dai karɓa, sau ɗaya a mako har wata uku. Ranar magani kafin ya baro layin asibiti an gama sauke motocin safe. Maganin ya sa zuciyarsa ta riƙa tashi, fitsarinsa ya koma ja. Abokan dako suka daina sa hannu a kwanonsa, duk bayanin da ya yi bai shiga ba. Ana tsakiya ya daina zuwa.

Sa'adiyya ta hau acaɓa ta same shi a tasha da rana tsaka. Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna kan buhu, ta cire takalmi tana murza ƙafa.

"Baba, kai ne na huɗu da nake nema yau. Don Allah ka rage mini tafiya."

Kunya ta kama shi, ya koma ya ƙarasa. Ranar ƙarshe ya tambaye ta ko za a sake gwaji ya ga ko ƙwayar ta mutu.

"Ko an sake, wurin zai kumbura. Ka dai sha, shi ke nan."

Ya gyaɗa kai ya fita.

Bai yi tarin ba. Ciwon baya ne ya kayar da shi daga bisani, buhu ya gagare shi ɗauka. Yanzu yana ƙarƙashin wata rumfa kusa da shingen kwastan, yana ɗinkin buhunan da suka fashe. In rana ta yi zafi yakan jingina da ginshiƙi ya ɗan yi gyangyaɗi.