Fim Ɗinka Yana Ƙarƙashin Motar Shugaba

"Ba wanda zai taɓa wurin nan sai ka warke ka zo ka tone kayanka da hannunka. Ka riƙe ni da wannan magana." Haka shugaban sashenmu ya ce maka a bakin gadon asibiti, ina tsaye a wurin. Ka rasu ranar Talata, sha ɗaya ga watan jiya, da la'asar. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da na dawo makaranta bayan zaman makoki, na tarar an zuba kankare a wurin da ka binne fim ɗinka, an ja farin layi, motar shugaban tana kai.

Ga wanda bai san ka ba, Mai Allura muke ce maka, ɗalibin shekarar ƙarshe a sashen koyon fim. Ni na shigo ajinku da furfura, bayan na gaji da koyar da adabi. Yaran suna ce mini Anti, suna tashi su ba ni kujera, amma ba mai ba ni kyamara. Ranar da ta zo hannuna, na manta ban cire murfin idonta ba, zaren fim ɗin ya fito baƙi ƙirin. Aji ya kwashe da dariya. Na jefa shi kwandon shara, kai ka tsamo shi, ka miƙo mini tare da allurar ɗinki.

"Anti, karce shi."

Na ce in rubuta me?

"Karatunki ne ya yi yawa. Ki karce kawai."

Da muka ɗora shi a majigi, sai ga walƙiya tana tsere a bango, kuma hannuna ne ya yi ta. Abin da na iya a wannan sana'a, daga ranar ya fara. Kai ka nuna mini yadda ake ɗiga ruwan gishiri a zare, da yadda ake shanya shi a rana har launi ya gudu. Ba ka taɓa ce wa aikin wani ya lalace ba. Sai dai ka ce bai gama ba.

Aikinka na kammalawa hannuwan mahaifiyarka ne. Ka ɗauke su suna wanki, suna ninke kaya, suna hutawa a gwiwa. Sannan ka zare fim ɗin daga gwangwaninsa, ka binne shi bayan ɗakin tace hotuna, daidai inda indararo ke zuba, don danshi da ƙasa su ci rabonsu har damina ta wuce. Wani malami ya ce ɓarna ce. Ka ce, "Malam, ƙasa ma tana da ra'ayi." Ba ka yi kwafi ba, da gangan.

Na je wurin shugaban. Ya ce, "Hajiya, ai abin ya riga ya ruɓe. Za mu sa sunansa a ƙofar ɗakin." Wannan mutum ya rubuta littafi sukutum a kan irin wannan fim, na karanta shi har da manazarta. Ya san ruɓewar ita ce aikin. Inuwar mota kawai yake so.

Mahaifiyarka ba ta san da kankare ba. Da na je gaisuwa ta riƙe hannuna ta ce, "An ce hannuwana suna cikin abin da ya yi. Yaushe za a nuna mini?" Na ce mata ba da daɗewa ba.

Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Allah Ya ba mahaifiyarka da ƙannenka haƙurin da ba mu da ikon ba su, Ya kyautata namu ƙarshen.

Shugaba, saura kai. Kana da daga yau zuwa Alhamis da azahar ka sa a fasa wurin, a hankali, ina tsaye. In azahar ta wuce, zan zo da diga da shebur da 'yan ajinmu, kyamara tana aiki, wannan karon murfinta a cire. Ka janye motarka tun da safe, don ban taɓa riƙe diga ba.